Sikelin Bayan Ofis

Da sanyin safe, kafin rana ta leƙo kan duwatsun Jos,
mukan taru gun Gambo mai shayi a bayan ofis,
kowa da kofinsa, kowa da hukuncinsa.
A nan ake auna Madam Kachollom.
Ba ta taɓa zama a bencin ba,
amma kullum ita ce a kan sikeli.

Ni Sabi'u, mai riƙe da makullin sito,
shekara uku ina rantsuwa da gaskiyarta.
Me na gani?
Takan tsaya a ƙofata ta ce, "Yaya ƙafar Inna?"
Ranar da aka kwantar da tsohuwa a asibiti
ta aiko direba da buhun dankali
da ambulan da ba a rubuta suna ba.
Tun daga nan duk takardar da ta sa wa hannu
fara fat nake ganinta,
ko karantawa ba na yi.

Dakup kuwa, can ɗakin ƙarshe inda fanka ta mutu,
ko "ina kwana" bai taɓa samu daga bakinta ba.
Yakan hura shayinsa ya ce,
"Kura ce da fatar akuya, za ku gani."
Ni kuma in ce hassada ce ke cin sa.

Sai ga watan da duro biyu na man dizal suka yi ƙafa.
Ban sayar ba, ban bayar ba, Allah ne shaida,
amma na sa hannu ban ƙirga ba,
ana ruwa da ƙanƙara,
ina sauri in kama motar Bukur.
Ta kira ni. Ba ta tambayi ƙafar Inna ba.
Takardar tuhuma, layi huɗu,
rabin albashi har wata biyu.
Alƙalamin dai shi ne,
shuɗin nan mai shatin haƙori a murfi.

Washegari na matsa kusa da Dakup,
na ce, "Ashe ka riga ni gani."
Na tono mata laifin da ban san na ajiye ba:
yadda take rufe ƙofa in tana waya,
yadda ba ta dariya sai da manya.
Har buhun dankalin nan na mayar da shi toshiyar baki.

Ba a yi wata ba ta zaro fayil ɗin Dakup
daga ƙasan tarin da ya shekara shida yana barci,
ta sa hannu, ya samu ƙarin girma.
Ran nan ya biya wa kowa shayi da ƙwai,
yana cewa, "Matar nan akwai tsoron Allah."
Na dube shi, ya dube ni.
Mun yi musayar wurin zama ba wanda ya tashi.

Da Inna ta rasu, ta zo har Gangare,
ta yafa mayafi, ta cire takalmi,
ta zauna a tabarma cikin mata har la'asar.
Ƙarshen watan na duba takardar albashi:
rabin nan dai bai dawo ba.

Gambo yana ɗauraye kofi, bai ɗaga kai ba, ya ce,
"Ni tukunya ɗaya nake ɗorawa.
Mai mura ya ce ba sukari,
wanda aka biya wa ya ce zuma na zuba."

Har yau ban yanke mata hukunci ba.
In ta wuce nakan gaishe ta, takan amsa,
wani lokaci ta tsaya, wani lokaci ba ta tsayawa.
Ni dai in mota ta sauke kaya
sai na taɓa kowane duro da tafin hannuna,
in ƙirga,
in sake ƙirgawa,
ko da motar Bukur za ta tafi ta bar ni.